Risalar Warware Mishkila a Kan Takun Mayaƙan Shaɗaranji

Bayan gaisuwa ga ma'abota natsuwa, da neman afuwar ma'abota gaggawa. Sababin rubuta wannan risala shi ne, wani jikana da ke karatun sakandare a Tamale ya zo hutu Salaga ɗauke da allo mai gida 64, rabi fari rabi baƙi, da 'ya'yan wasa 31 a ƙulle cikin leda. Asalin adadinsu 32 ne, sai dai doki ɗaya na rundunar baƙaƙe ya salwanta a mota, aka naɗa wani jan goro ya riƙe masa muƙami. Za mu komo kan goron nan a muhallinsa. Na tambayi yaron dalilin da ya sa dokin da ya rage yake yin gida biyu gaba sannan ya goce gida ɗaya gefe, kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Ya ce, "Baba Malam, haka dai dokar take." Amsar nan ta hana ni barci kwana uku. "Haka dai take" amsar mai koko ce in an yi mata ƙorafin ƙanƙantar ludayi, kuma ita tana da uzuri. Ɗalibin da ake biya wa kuɗin mota ba shi da shi.

Muƙaddima ta farko, a kan suna

Yara suna ce wa wasan ces, wasu kuma darar Turawa. Na biyun ya fi muni, domin kuskure biyu ne cikin kalma biyu. Ba dara ba ce: dara gurbi 30 gare ta, kuma 'ya'yanta duk darajarsu ɗaya, tsinke bai fi tsinke ba. Ba kuma dami ba ne da ake bugawa a tashoshin mota daga Bawku har Ankara, wanda rabin ƙwarewarsa ƙarar maka katako a kan allo ce. Sannan ba na Turawa ba ne. A ƙasar Hindu aka haife shi wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, da sunan caturanga, wato gaɓoɓi huɗu na runduna: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Farisawa suka karɓa, Larabawa suka karɓa daga gare su suka ce shaɗranj, as-Suli ya shahara da shi a fadar Bagadaza a ƙarni na 10, Andalus ta miƙa wa Turai. Ko a fadar Barno an san shi da sunan tsatsarandi, inda sarkin ya zama Mai, na kusa da shi Ciroma, na bakin layi Kaigama. Mu a nan shaɗaranji za mu ce, don ladabi.

Muƙaddima ta biyu, a kan matsayin marubuci

Ɗalibin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ta hana buga wasan nan, ta halatta yi wa masu bugawa sallama, ta karhanta zama wurinsu da kallonsu. Saboda haka ban buga ba, ban zauna ba, ban kalla ba. Binciken nan duka a tsaye na yi shi, na juya baya ga tabarmar, ina fuskantar darbejiyar ƙofar gida, yaran suna karanto mini abin da ya auku. Na yawaita sallama, tunda ita ce kaɗai aka bar mini a buɗe.

Ƙa'ida

Kowane taku a allon nan ɗabi'ar mayaƙi ce da aka mayar da ita lissafi. Sabubban taku kuwa uku ne: (1) sababi na abin hawa, (2) sababi na muƙami, (3) sababi na tsoro. Na ukun ya fi yawa, amma masana fannin sun saba shigar da shi ƙarƙashin na biyu saboda kunya.

Idan aka ce: ta yaya za a kafa hujja da Salaga da Yendi da Bawku a kan wasan da ya girme su da ɗaruruwan shekaru? Sai mu ce: mai tambaya ya cakuɗa samuwar abu da bayyanar hikimarsa. Goro ya daɗe yana fitowa a kurmin Asante kafin a gano don ɗaurin aure a Kano aka yi shi. Mutanen Hindu sun sa dokoki, dalilan dokokin suka bayyana daga baya a Gwanja da Dagomba, kuma jinkirin hujja ba ya rage mata ƙarfi. Ƙari a kan haka, ƙasar nan ta san zama allo. A 1888 Ingila da Jamus suka zana wani gida a taswira da ya haɗa Salaga da Yendi, suka ce ba na kowa ba ne. A 1899 suka raba shi, kogin Daka ya zama layi, Yendi ta faɗa wa Jamus, Salaga ta faɗa wa Ingila. Wanda aka yi wasa a kan gonar kakansa yana da haƙƙin yin sharhi a kan dokokin.

Fasali na 1: Sarki

Gida ɗaya yake takawa, ta kowace fuska. Marasa tahƙiƙi suna ɗaukar wannan rauni ne. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Gbewaa a Yendi ranar Damba ya san gaskiyar lamarin: riga a kan riga, laima a sama, makaɗan da Dagomba ke kira lunsi a gaba suna jero kakanni, dattawa a gefe, sannan ƙafa ta ɗaga. Sarkin da ya yi sauri zai tsere wa laimarsa, sarkin da ba laima a kansa kuwa mai wucewa ne kawai. Faɗin gida ɗaya a allo shi ne faɗin inuwar laima, ba ragi ba ƙari.

Hukunce-hukunce huɗu ne ke rassa daga nan. Na ɗaya, sarakuna biyu ba sa maƙwabtaka, dole a bar gida tsakaninsu. Gidan nan na wulana ne, mai isar da maganar sarki, ko da yake ba a sassaƙa shi ba. Na biyu, sarki ba a cinsa. Ana dai tsare masa hanyoyi a ce shah mat, wanda a Farisanci ke nufin sarki ya rasa ta yi, Larabawa kuma suka ji shi da kunnen harshensu a matsayin sarki ya mutu. Allon ya bi ladabin da aka sani a Pusiga, kusa da Bawku, inda riwaya ta ce Na Gbewa, kakan sarakunan Dagomba, da labarin mutuwar ɗansa ya riske shi sai ya nutse cikin ƙasa a inda yake zaune. Ba wanda ya ɗaga shi ya jefa a leda.

Na uku, sau ɗaya a rayuwarsa an yarje wa sarki ya tsallaka gida biyu zuwa lungu, karusa ta zagayo ta tsare masa ƙofa, da sharaɗin kada ya kasance ana kai masa hari a lokacin. Hikimar sharaɗin a fili take. In ya yi tafiyar kafin haɗari, sunanta rangadi. In ya yi ta cikin haɗari, sunanta gudu. Tunda sarki ba ya gudu, wajibi ne ya hanzarta rangadi.

Na huɗu an daina aiki da shi, kuma ina ganin an yi asara. A tsohon shaɗaranji, wanda aka cinye masa kowa aka bar sarkinsa tsirara ya faɗi wasa, ko ba a tsare sarkin ba. A 1892 gidajen sarautar Kpembe, mai iko da Salaga, suka yi yaƙin basasa, Kabachewura Isifa ya ci da taimakon Dagomba, aka hau fatar sarauta. Da aka waiwaya kasuwar Salaga, fatake sun watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Shi ma Malam Umaru, wanda duniya ke jingina wa Salaga, a Kete-Krachi ya zauna har ya rasu a 1934. Mutanen da suka sa wancan hukunci sun fahimci abin da ake nufi da gari.

Fasali na 2: Doki

Nan ne mishkilar take, kuma a kanta akwai mazhabobi uku.

Mazhabar Salaga ta ce rijiyoyi ne. Garin nan ana masa kirari da mai rijiya dubu, kuma duk da cewa ban ƙirga ba, na faɗa biyu tun ina yaro. Mahayin da ya saki linzami a nan, taku biyu zai yi ya ga baki a buɗe, ya tsallake, ya goce. Wannan ra'ayi ya warware tsallake da gociya a lokaci ɗaya, abin da ya sa yake da mabiya. Rauninsa shi ne bai bayyana dalilin da doki ke yin haka a garuruwan da ke shan famfo ba.

Mazhabar Yendi ta ce rawa ce. Dawakin Dagomba ana koya musu taka kiɗa, kuma barden da ya zo gaisuwa yakan sako doki a guje, ya ja linzami gab da manya, dokin ya miƙe a ƙafafun baya ya sauka a karkace. Gudun shi ne gida biyu, saukar ita ce gida ɗaya. Ra'ayi ne mai kyau, sai dai masu shi suna faɗarsa da ƙarfin murya fiye da yadda hujja ke bukata.

Ra'ayi na uku nawa ne, kuma shi ne ingantacce. Ɗauko taswira, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara maka fahimta, ka sa yatsa a Salaga. Yendi tana ina? Kashi biyu arewa, kashi ɗaya gabas, da ɗan abin da ba a rasa ba. Takun doki ke nan cif. Fatake da suka baro Salaga da goro suka nufi Yendi, a hanyarsu ta Sansanne Mango zuwa ƙasar Hausa, sun yi shekaru aru-aru suna yin wannan taku ba tare da sun san suna wasa ba.

Fa'ida: doki na iya dira gida takwas in yana tsakiyar allo, amma in ya so shiga gidan da ke jikinsa, gaba ko gefe, sai ya yi tsalle uku. Na sa yaran sun gwada sau da yawa, ba a samu ƙasa da uku ba. Duk wanda ya zauna unguwa ɗaya da mai doki ba zai yi mamaki ba. Mai doki ba ya zuwa gidan maƙwabcinsa kai tsaye. Sai ya bi ta kasuwa, ya ɓullo ta masallaci, kowa ya gani, sannan ya yi sallama.

Fa'ida ta biyu: a lungun allo gida biyu kacal suka rage masa. Bakin allo shi ne kurmi, inda ƙudan tsando ke kashe dawaki, dalilin da ya sa Asante ta yi ƙarfinta da bindiga da ƙafa. Doki kuma shi ne gwanin razana gida biyu a lokaci ɗaya, mai gidajen ya zaɓi wanda zai rasa. Gurunsawa sun san wannan hali daga mahayan Zabarma na Gazari da Babatu, waɗanda suka shigo Dagomba da sunan cinikin dawaki suka ƙare da cin garuruwa. Da Faransa da Ingila suka matso, gidajen Babatu suka yi ta raguwa har ya rage masa Yendi, inda ya rasu a 1907, kabarinsa na nan. Takwas, huɗu, uku, biyu: haka lissafin doki yake sauka in ana tura shi gefe.

Fasali na 3: Giwa

A tsohon wasa gida biyu take yi a karkace, tana tsallake duk abin da ke tsakani, kuma cikin gida 64 takwas kaɗai za ta iya takawa duk tsawon rayuwarta. Giwaye huɗun da ke allo ba mai iya taɓa wata. Manoman yammacin Bawku, wajen Tilli da Zebilla, za su tabbatar da wannan ba tare da sun ga allo ba. Giwayen kwarin Jar Volta suna saukowa daga Burkina ta hanyar da suka gada, su tsallake iyaka ba takarda, su tsallake shinge ba sallama, su sauka a gonakin da suka sauka bara.

Da wasan ya shiga Turai aka rasa wanda ya san dabbar. Mutanen Sifen suka riƙe lafazin Larabci, alfil, ba tare da ma'anarsa ba. Italiya ta mai da ita mai riƙe tuta, Jamus ta mai da ita ɗan aike mai gudu, Ingila ta naɗa ta bishop na coci, Faransa ta ce wawan sarki ne. Sakamakon wannan a aikace shi ne, ɗan kasuwar albasa da ya bar Bawku da safe da bishop a jakarsa, kafin azahar ya isa Sinkase da wawan sarki, bai sauya komai ba sai harshen jami'in iyaka. Masu iya magana da suka ce giwa a garin wani zomo ce sun yi mata sassauci.

Yanzu an sake mata igiya, tana zarcewa a karkace iyakar ganinta, amma wadda aka haifa a farin gida ba za ta taɓa taka baƙi ba, 'yar'uwarta kuma akasin haka. Runduna ɗaya, uba ɗaya, ba mai taka sawun wata. Wannan shi ake kira 'yan ubanci, kuma ba ya bukatar sharhi.

Fasali na 4: Karusa

Miƙe take tafiya, gaba ko baya ko gefe, ba ta san kwana ba. Ko ina aka ajiye ta a allon da ba kowa, gida 14 take iko da su, ba ta ƙaruwa da tsakiya ba ta raguwa da lungu, halin da ba a samu ga sauran manyan ba. Turawa sun sassaƙa ta a siffar hasumiya, wanda ɓata ne bayyananne, domin gini ba ya tafiya. Rashawa sun ce jirgin ruwa ce, kuma sun fi kusa da daidai: jirgin fiton da ke tsakanin Makango da Yeji layi ɗaya ya sani, kuma kamar karusar allo, shi ne na ƙarshen motsawa bayan kowa ya gaji da jira. Magajinta a tudu shi ne Motor King, babur mai ƙafa uku, ɗauke da buhunan albasa a hanyar Bawku. Wanda ya tsaya a gabansa ya fahimci fasalin nan fiye da marubucinsa.

Fasali na 5: Waziri, da abin da ya same shi

A wajen Farisawa da Larabawa, na kusa da sarki namiji ne, firzan, mai ba da shawara. Gida ɗaya yake takawa, shi ma a karkace. Wannan daidai ne ta fuskar muƙami: shawara ba ta zuwa wa sarki gaba da gaba, ta gefen kunne take shiga, kuma mai ba da ita ba ya nisa, don kada wani ya zauna a wurinsa.

Turawa suka mai da shi mace tun wajen shekara ta 1000, suka bar ta da gajeren takunsa. Sai wajen 1475, a Balansiya ta ƙasar Sifen, aka wayi gari ta haɗa tafiyar karusa da ta giwa, tana iko da gida 27 daga tsakiyar allo, alhali sarkin na nan da takwas ɗinsa. Littafin Lucena na 1497 ya rubuta sabuwar dokar. Isabella ta hau gadon Kastila a 1474, Garnaɗa ta faɗi a hannunta da mijinta a 1492. Masana suna saɓani ko ita ce sababi. Mu dai mun lura cewa a cikin shekaru ashirin ɗin nan Musulmin Andalus sun rasa birni, wazirinsu kuma ya rasa aiki. Mutanen Italiya sun kira sabon wasan da na mahaukaciya, wanda ke nuna wanda aka ci ne ya raɗa sunan.

Shubuha ta farko: dakaren da ya kai ƙarshen allo yana iya zama irinta, dakaru kuwa takwas ne, don haka a lissafi sarki ɗaya na iya tara tara. Wani ɗalibi ya zo mini a firgice da wannan adadi. Amsa ita ce kuskuren na masu fassara ne da suka ɗauka matar sarki ce. A Gundogu, kusa da Yendi, akwai sarautar Gundo Na, wadda 'yar Ya Na, sarkin Dagomba, ce kaɗai ke hawanta, tana da fatarta da dattawanta. Ta allon nan 'ya ce, ko magajiya, kuma shari'a ba ta iyakance adadin 'ya'ya ba. Ɗalibin ya tafi da natsuwa.

Shubuha ta biyu: in ta tara tafiyar kowa, don me aka hana ta ta doki? Amsar tana Gambaga. Riwayar Mosawa ta ce Yennenga, 'yar sarki, gwanar hawa da mashi, ta hau ingarma ta bar gidan ubanta, ba ta komo ba, kuma ɗan da ta haifa, Wedraogo, ma'anar sunansa ingarma, shi ya kafa sarautar Mosi. Gimbiya ɗaya aka bari da doki ɗaya, aka samu ƙasa guda da iyakarta da kwastan ɗinta a arewacin Bawku. Masu dokar allo sun ga abin da ya isa.

Shubuha ta uku ta wani tela ce da ya ce shah mat Hausa ce, asalinta "ya sha mata," wato mata ne suka gama da sarkin. Wannan ɓatacce ne ta fuska uku: lafazin ya girmi shigowar mace allon, Farisawa ba su ji Hausa ba, kuma telan yana da shari'a a gaban surukansa, shaidarsa a babin nan ba ta karɓuwa.

Fasali na 6: Dakaru

Su ne mafi yawa, mafi arha, kuma su ake fara turawa. Siffarsu a ƙasar nan ita ce kambonsi, 'yan bindigar Dagomba da suka ɗauko salo da kaya daga Asante. Mas'alolinsu huɗu ne.

Ta farko: don me dakare ke tafiya miƙe amma yake ci a karkace? Wanda ya halarci jana'izar babban mutum a Dagomba ya ga yadda ake harba bindigar gargajiya da aka ɗura wa albarushi har wuya. Mai hankali ba ya kai ta kusa da ido. Yana riƙe ta nesa da jiki, ya kau da fuska, ya ja. Mutumin da ke tsaye daidai gabansa shi ne mafi aminci a filin. Na gefe ne ke cikin haɗari.

Ta biyu: idan aka ce sunan bindigar harba-ka-ruga, dakaren allo kuwa ba ya komawa baya, ashe ƙiyasin ya rushe? Sai mu ce lafazin ruga bai ƙayyade fuska ba. Ana rugawa baya, ana rugawa gaba. Rugawar dakare gaba ce, kuma ita ce gida biyun da aka yarje masa a takunsa na farko, lokacin da kiɗa ke kunnensa kuma bai ga kowa ya faɗi ba tukuna. Daga nan sai ɗaya-ɗaya. Rashin komawa baya kuwa an gan shi a Adibo, kudu da Yendi, ranar 4 ga Disamba 1896, inda kambonsin Ya Na Andani suka tari bindigogin Jamus masu ɗuri ta baya, jagoransu Kambon Nakpema Ziblim ya faɗi a filin tare da jama'a masu yawa. An ƙone Yendi, ba a kama sarkin ba. Allon bai yi ƙarya a ko ɗaya daga cikin biyun ba. Akwai kuma wasu da suka bi ta garin nan namu na Salaga a jere, aka yi musu wanka a rijiyoyin da har yau ake kira Wankan Bayi, aka tura su kudu, ba wanda ya juyo. A kansu risalar nan ba ta da ta cewa.

Ta uku ita ce mafi ɓuya, har yaran da kansu sun yi rigima a kanta: dakaren da ya yi rugawar gida biyu ya gifta ta gefen dakaren abokan gaba, ana iya cinsa kamar gida ɗaya ya taka, amma a take, in an jinkirta taku ɗaya haƙƙin ya faɗi. Jikokin fatake ba sa bukatar bayani. Ayarin da ya yi sauri ya wuce garin mai karɓar kuɗin fito ba tare da uban dawaki ya tsaya ya biya ba, ana binsa a tare shi kamar a ƙofar garin yake. In kuwa ya riga ya haye kogi, sai a yi haƙuri a jira na baya.

Ta huɗu: dakaren da ya kai ƙarshen allo yana zama duk abin da ya so, ban da sarki. Dagomba sun daɗe da ƙa'idar cewa ɗa ba ya wuce matsayin da ubansa ya kai, kuma fatar Yendi ta ƙofa uku ake shigarta, Karaga da Savelugu da Mion. Ƙarshen allo ba ya cikinsu. Amariya, wanda Zabarma suka kama yana yaro, ya taka gida-gida har ya zama babban kwamanda a rundunarsu, sannan ya juya wa Babatu baya. Wannan juyawar allon bai tanade ta ba: baƙi ba ya zama fari komai nisan tafiyarsa. A nan tarihi ya saɓa wa ƙa'ida, kuma muna ganin kuskuren na tarihi ne.

Tanbihi a kan waɗanda aka manta

Ba jaki a allon, alhali shi ya kai goro Kano. Ba makaɗi, alhali ba shi ba wanda zai san an yi yaƙin. Game da jaki, uzurin shi ne tafiyarsa ba ta shiga doka, domin yakan tsaya a inda ba a ce ya tsaya ba. Game da makaɗi, bincike ya nuna yana nan, a wajen allo: shi ne mutumin da ke tsaye a kan masu wasa yana cewa "da ni ne da ban taka nan ba."

Mas'alar goro

Kalmar ci a Hausa tana da rassa: cin tuwo, cin kasuwa, cin sarauta, cin bashi, cin amana. Cin allo reshe ne na majazi, domin wanda aka ci ana ajiye shi gefen tabarma ya jira wasa na gaba. To, a yammacin Laraba ta ƙarshen hutu, jan goron da ke riƙe da muƙamin doki ya yi tsalle ya dira a gidan da yake razana sarkin farare da karusarsu a lokaci ɗaya. Jikana ya yi kabbara. Kafin abokin wasansa ya gama tunani, aka duba gidan aka tarar da rabin goro.

An samu ƙauli uku. Na farko, na mai fararen 'ya'ya: an ci doki, kuma doka ba ta ce lalle ɗan allo ne zai ci shi ba. Na biyu, na jikana: cin haƙiƙa ba ya tsayawa a madadin cin majazi, don haka dokin na nan a hukumance ko da ya tafi a zahiri. Na uku, na telan da aka ambata: rabin doki ya rage, sai a bar masa rabin tafiya, ya zaɓi gida biyun gaba ko gida ɗayan gefe. Na rinjayar da ƙauli na biyu, da sharaɗin a naɗa sabon goro daga aljihun wanda ya ci.

Game da wanda ya ci ɗin, abin da ya tabbata shi ne mutum ne da ke tsaye, ya juya baya ga allon saboda tsantseni, hannunsa kuma ya shekara hamsin yana lalubo goro a kan tabarmar nan ba tare da neman izinin ido ba. Bai san doki ba ne. Da jikana ya ce, "Baba Malam, ai dokina ne a bakinka," an riga an wuce matsayin da mayarwa ke da amfani. An biya diyya da farin goro, kasancewar shi kaɗai ya rage a aljihu, wanda ya haifar da mas'alar ko farin goro na iya yi wa rundunar baƙaƙe yaƙi, kuma in ya yi, wa ya ci. Motar Tamale ta tashi da asuba kafin a rufe babin.